Yadda Ake Rufe Shekarar Karatu da Sallamar Masu Ritaya: Jagora ga Sababbin Shugabannin Makarantu a Ƙasar Batsari da Safana

Kowace shekara, idan zango na uku ya doshi ƙarshe, sababbin shugabannin makarantu kan faɗa rami ɗaya. Sai ana saura mako biyu a tashi dogon hutu sannan a tuna akwai 'yan aji shida da za a yaye, akwai kyaututtukan da za a raba, akwai kuma malami ko maigadi da ya kai lokacin ajiye aiki. Nan take sai a bazama neman rumfa da lasifika, a yanka wa iyaye kuɗi ba shawara, a rubuta takardun gayyata a gaggauce. Ranar taro a sha jawabai, a ci shinkafa, a watse. Washegari sai ka tarar katin sakamakon rabin yara bai cika ba, makullin sito yana aljihun wanda aka sallama, fayil ɗinsa na ritaya kuwa ko buɗe shi ba a yi ba.

Na daɗe cikin masu shirya irin waɗannan tarurruka a makarantun firamare na wannan yanki, kuma darasin da aikin ya koya mini shi ne biki shi ne mataki na ƙarshe. Dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban allo yana son shadda da yabo, amma abin da zai ci da iyalinsa bayan an naɗe tabarmi shi ne fanshonsa, fansho kuwa a takarda yake. Yaron da aka yaye yana son a tafa masa, amma abin da zai shigar da shi sakandare shi ne sakamakonsa da takardar shaidarsa. Idan ka kammala waɗannan, ko a ƙarƙashin darbejiya aka yi taro ya yi kyau.

Sannan mu nan muna da yanayin da ya bambanta da na birni. Makarantunmu da yawa, daga Yasore da Wagini da Ruma har zuwa Runka, suna maƙwabtaka da dajin Rugu, kuma kowa ya san abin da ɓarayin daji suka jawo wa karatu a shekarun nan. Ƙarshen shekarar karatu yana faɗowa ne a watan Yuli, tsakiyar damina, lokacin da iyaye ke gona kuma rumbu ya yi ƙasa. Duk shirin da bai yi la'akari da waɗannan biyun ba, a takarda zai tsaya.

Abubuwan da za ka tanada

Kafin ka kira taron farko, ka tabbatar waɗannan suna hannunka:

- Jerin sunayen ma'aikatan makaranta gaba ɗaya, da ranar haihuwar kowa da ranar da aka ɗauke shi aiki. Ban da malamai, a sa maigadi da masinja da mai shara.
- Rajistar shiga makaranta, rajistar kiran suna ta kowane aji, da takardun makin gwaje-gwaje na zango uku.
- Littafin tarihin makaranta, wanda shugaba ke rubuta muhimman abubuwan da suka faru, da littafin baƙi.
- Littafin ƙididdigar kaya: kujeru, bencina, littattafai, alluna, kayan wasa.
- Jadawalin zangon karatu da ma'aikatar ilimi ta fitar na wannan shekara.
- Sabon littafi ɗaya na kuɗin shiga da fita na bikin kawai.
- Jakar fayil mai ƙwari, ɗaya ga kowane mai ritaya, da leda mai kauri saboda ruwa.

Mataki na 1: Lissafa ranar ritayar kowa tun zango na farko

Daɗaɗɗiyar ƙa'idar aikin gwamnati ita ce ma'aikaci ya ajiye aiki idan ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. A shekarar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga wa malamai zuwa shekara 40 na aiki ko 65 na haihuwa. Sai dai aiwatar da ita ga malaman jiha da na ƙananan hukumomi ya danganta ne da matakin da kowace jiha ta ɗauka. Saboda haka kada ka yi lissafi da labarin bakin kasuwa. Ka je ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma ka nemi takardar umarnin da ake aiki da ita, ka ajiye kwafinta.

Ga yadda ake lissafin a tsarin 35 da 60. A ce an ɗauki malami aiki a watan Oktoba na 1990, an kuma haife shi a 1968. Shekarunsa 35 na aiki sun cika a Oktoban 2025, shekarunsa 60 kuwa sai 2028. To, ta 2025 ita ce ranarsa, domin ita ta riga zuwa.

Dalilin gaggauta wannan lissafi shi ne ranar ritaya ba ta jiran hutun ƙarshen shekara. Tana iya faɗowa a Maris ko Nuwamba. Malamin da ya zarce ranarsa yana karɓar albashi, galibi sai an zare wannan kuɗin daga giratutinsa, kuma babu abin da ya fi wannan ciwo ga mutumin da ya riga ya ƙulla abin da zai yi da kuɗinsa. Biki ana iya jinkirta shi zuwa Yuli a haɗa kowa, amma ranar ajiye aiki ba a ɗaga ta. Wata fa'idar kuma ita ce ka san da wuri ajin da zai rasa malami, ka rubuta neman madadi kafin yara su zauna zango guda ba mai koyar da su lissafi.

Mataki na 2: Haɗa fayil ɗin mai ritaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi sakaci. Ka zauna da mai ritaya, ku baje takardunsa a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka saba nema ya haɗa da takardar ɗaukar aiki ta farko, takardar tabbatarwa a aiki, takardun ƙarin girma musamman ta ƙarshe, takardun sauyin wurin aiki, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardun shaidar karatu tun daga ta kwalejin horon malamai har zuwa NCE ko digiri, takardar biyan albashi ta kwanan nan, hotuna ƙanana, lambar NIN da BVN, da bayanin asusun banki.

Ka duba abu uku da idon basira. Na farko ranar haihuwa. Dattawanmu da yawa an ƙiyasta musu shekaru ne lokacin da aka sa su makaranta, daga baya kuma suka je yin katin ɗan ƙasa suka faɗi wata shekarar daban. Ranar da aka rubuta a fayil lokacin ɗaukar aiki ita ce hukuma ke riƙewa, don haka sauran takardu ne za a daidaita da ita ta hanyar da doka ta tanada. Na biyu rubutun suna. Wanda yake Muhammadu a takarda ɗaya, Mamman a wata, Moh'd a banki, sai ya yi ta zarya kafin a yarda mutum ɗaya ne. Malamai mata da suka sauya suna bayan aure su ma a duba nasu da kyau. Na uku ƙarin girma na ƙarshe. Idan an ba malami takardar ƙarin girma amma ba a shigar da ita cikin albashinsa ba, a bi ta tun yana bakin aiki, domin da matakin albashi na ƙarshe ake lissafa haƙƙinsa.

Na taɓa zama da wani dattijo da ya kawo takardunsa cikin tsohon akwatin ƙarfe. Da muka buɗe, gara ta cinye gefen takardar ɗaukarsa aiki daidai wurin da kwanan wata yake, ruwan ɗaki kuma ya manne sauran da juna. Da yake da sauran watanni a gaba, an samo kwafi daga fayil ɗinsa na ofis. Da a makon biki aka gano, da labarin ya sha bamban. A yankinmu kuma akwai waɗanda takardunsu suka ƙone ko suka salwanta lokacin gudun hijira. Irin waɗannan su fara neman takardar rahoton 'yan sanda da ta rantsuwar kotu da wuri, sannan a nemi kwafi daga inda aka ba su na asali.

Kowace takarda a yi mata kwafi aƙalla uku. A ɗauki hotonta a waya. Ta asali kada ta bar hannun mai ita sai don a gani a mayar. A kuma sabunta sunan magajin da aka rubuta a fayil, domin sau da yawa za ka tarar sunan mahaifi ne da ya rasu tuntuni.

Mataki na 3: Takardar sanarwa da sanin haƙƙi

Ƙa'idar aiki ta tanadi ma'aikaci ya ba da sanarwar ajiye aiki wata uku kafin ranarsa. Malamin firamare yana rubuta tasa ne ta hannun shugaban makaranta zuwa ga Sakataren Ilimi, daga nan ta wuce hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Katsina. Wata ukun nan shi ne mafi ƙaranci. Wanda ya miƙa da wata shida a gaba bai yi laifi ba, ya dai ba kansa sarari. Ka tabbatar an buga hatimin karɓa a kan kwafinsa da kwanan wata, ka kuma rubuta a littafin tarihin makaranta.

Ka taimaka masa ya san tsarin fanshon da yake ciki. A tsohon jadawalin gwamnati, wanda ya cika shekara 35 yana samun fansho kashi 80 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe, da giratuti ninki uku na albashin shekara. A tsarin adashen gata kuwa, dokar tarayya ta 2014 ta tanadi ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10, jihohi kuma kowace tana da dokarta. Jami'in fansho na ƙaramar hukuma da wakilin ƙungiyar malamai ta NUT su ne za su fayyace masa inda ya faɗa. Idan takardar albashinsa ta nuna ana cire masa kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da haƙƙin neman a mayar masa da kuɗinsa ta bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. Mutane da yawa suna barin wannan kuɗi don ba wanda ya gaya musu. Haka ajiyarsa a ƙungiyar taimakon juna ta malamai, da bashin da ake binsa ko yake bi, duk a daidaita kafin a cire sunansa daga takardar albashi.

Ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi: tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akan sami tazara, giratuti kuma kan ɗauki lokaci. Kada ya ci bashi a kan kuɗin da bai shigo ba, kada kuma ya ba kowa ko sisi da sunan za a gaggauta masa fayil.

Mataki na 4: Kafa kwamiti da yanke kasafi

Da shigowar zango na uku, ka kira shugabannin kwamitin al'umma mai kula da makaranta da na ƙungiyar iyaye da malamai. A fitar da ƙaramin kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai: malami biyu, ɗaya mace idan akwai, wakilin iyaye maza, wakiliyar iyaye mata, wakilin mai unguwa ko dagaci, da wani tsohon ɗalibi. Kai kada ka riƙe kuɗi. A naɗa ma'aji, komai ya shiga littafi, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da ko nawa ne. Wannan shi zai tsare mutuncinka ranar da aka fara ƙananan maganganu.

Babban kuskure a nan shi ne ɗora wa yara kuɗin biki na dole. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas. Korar yaro gida ko riƙe sakamakonsa don bai biya kuɗin walima ba ya saɓa wa wannan, kuma a garin da magidanci ke neman na taki da na awo a lokaci guda, irin wannan kora ita ke sa yaro ya tafi gona bai sake dawowa ba. Anko da rigar yaye ma kada a tilasta. Gudunmawa ta zama ta ganin dama. Mai hatsi ya ba da tiya, mai rogo ya kawo rogo, mai tabarmi ya ara, tsofaffin ɗalibai da ke aiki a Katsina ko Dutsin-Ma ko Kano a aika musu takarda da wuri. A yanke kasafi daidai abin da aka samu. Idan kuɗi sun gaza, a rage abinci da kiɗa, kada a rage kyautar yara da ta masu ritaya.

Mataki na 5: Kammala jarrabawa da sakamako kafin a sa ranar biki

Ka tsara jarrabawa ta ƙare aƙalla kwana goma kafin taro. Malamai su gama maki, a haɗa da na gwaje-gwajen zango, a shigar a babbar takardar maki ta aji, sannan a cika kati. Ka ɗauki kati biyar daga kowane aji ka sake tara makin da kanka. Kuskuren tarawa shi ne ke sa a kira yaron da bai cancanta ba a gaban jama'a, kuma kyautar da aka miƙa a bainar jama'a ba a iya karɓe ta.

Idan mai ritaya yana riƙe da aji, nasa sakamakon a fara kammalawa. Bayan an sallame shi da wuya ka iya kiransa ya dawo cika kati.

Wajen kyaututtuka, kada a tsaya ga na ɗaya da na biyu da na uku. A ware kyauta ga wanda bai yi fashi ba, ga wanda ya fi samun ci gaba daga zango na farko zuwa na uku, ga mai tsafta, ga mai kyawun hali, ga gwanin karatun Alƙur'ani. Rajistar kiran suna ce shaidar mai zuwa kullum, ba son ran malami ba. Yarinyar da ke takowa daga wani ƙauye kullum, rani da damina, ta cancanci a kira sunanta a gaban mahaifinta, domin wannan kiran kan zama dalilin da zai bar ta ta wuce sakandare. Kyauta kuma ta zama abin amfani: littafin rubutu, biro, jaka, sabulu, yadin rigar makaranta.

'Yan aji shida a rubuta musu takardar shaidar kammalawa da suna daidai yadda yake a rajistar shiga. Yaran da iyayensu suka yi hijira zuwa cikin Batsari ko Katsina a tsakiyar shekara, a shirya musu takardar sauyin makaranta a aika, kada sunansu ya ɓace tsakanin makarantu biyu.

Mataki na 6: Zaɓen rana, lokaci da sha'anin tsaro

Kada ka sa taro ranar cin kasuwar Batsari ko wata kasuwar da mutanen garinku ke ci, kada kuma ka sa ranar Juma'a. Ka tambayi ofishin ilimi ranakun da maƙwabtan makarantu suka zaɓa, domin baƙinku ɗaya ne. Ka fara da ƙarfe tara na safe, ka tashi kafin azahar. Hadarin damina ya fi tasowa da yamma, iyaye suna son komawa gona, baƙin nesa kuma ya kamata su kama hanya rana tana sama. Ka share aji mafi girma ka ajiye shi a shirye ko da ruwa zai sauko. Wayar janareto a ɗaga ta daga ƙasa, rumfa a ɗaure ta da turaku masu ƙarfi saboda iska.

Tun daga daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, babu shugaban makarantar da zai tara yara ya ce tsaro ba aikinsa ba ne. Ka sanar da dagaci, da ofishin 'yan sanda, da jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, da 'yan sintirin gari, a rubuce kuma da wuri. Kada a yi ta yayata rana da sunayen manyan baƙi a Facebook da WhatsApp makonni kafin taro. Kada a ambaci adadin kuɗin da aka ba kowa a lasifika, musamman mai ritaya, domin ba ka san kunnen da ke saurare ba, kuma akwai masu zaton duk wanda ya yi ritaya an cika masa aljihu. A sa dattawa biyu da suka san kowa a bakin ƙofa. A bar hanyar fita a buɗe, a kuma gaya wa kowane malami ajin da zai kula da shi idan wani abu ya taso.

Gayyata ta zama a takarda, a kai hannu da hannu. Mun ga yadda aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a Satumban 2021, har da Batsari da Safana. Idan kuma masu gari suka ce hanya ba lafiya, a ɗage taro ko a taƙaita shi ga yara da malamai. Ba kunya a cikin wannan.

Mataki na 7: Miƙa kaya da ragamar aiki

Mako guda kafin taro, mai ritaya ya miƙa duk abin da ke hannunsa: rajista, manhaja, littafin tsarin darasi, makullai, littattafan gwamnati, da duk kuɗin da aka ba shi ajiya. A ƙirga tare, a rubuta, shi da mai karɓa da shaida ɗaya su sa hannu. Wannan kariya ce gare shi kafin kowa, domin kada bayan shekara a ce benci goma sun ɓace a hannunsa. Idan shugaban makaranta ne ke tafiya, wakilin ofishin ilimi ya halarta, a kuma sauya masu sa hannu a asusun makaranta.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin ƙididdiga. Tsohon malami ya san iyakar filin makaranta da wanda ya ba da shi, ya san gidan da sai an bi ta wajen kaka kafin a saki yarinya, ya san dabarar da yake koyar da haɗa baƙi da wasali har yaro ya kama. Ka ware yini guda ƙananan malamai su zauna da shi, wani ya riƙa rubutawa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma idan ya tafi da wannan sani ba a karɓa ba, makaranta ta yi asarar da babu takardar da za ta mayar.

Mataki na 8: Tsarin ranar taro

Taro kada ya wuce awa uku. Tsarin da ya fi tafiya daidai shi ne: addu'a daga liman, taken ƙasa, maraba daga shugaban kwamiti, rahoton shekara daga shugaban makaranta, wasannin yara, raba kyaututtuka, yaye 'yan aji shida, karrama masu ritaya, jawabin uban ƙasa ko wakilinsa, godiya, addu'ar rufewa.

Rahotonka ya zama gaskiya a taƙaice: yara nawa aka fara da su, nawa suka kai ƙarshe, nawa za su wuce sakandare, maza nawa mata nawa, wane aji ne rufinsa ke yoyo. Iyaye sun fi taimakawa idan sun ji adadi. Wasannin yara su zama na abin da suka koya: karatu a bayyane da Hausa da Turanci, muhawara, kacici-kacici, gajeren wasan kwaikwayo. Mai gabatarwa ya san sarautu da jerin girma, ya tambaya kafin taro yadda ake kiran wakilin hakimi da dagaci. Kowane mai jawabi a gaya masa mintinsa tun a takardar gayyata. Kada a bar taron ya koma dandalin siyasa.

Yara su zauna a inuwa, su fara samun ruwa da abinci. Kuskure ne da ake yawan yi a jera su a rana tun safe ana jiran babban baƙo. Iyaye mata a ware musu wuri mai kyau inda za su ji kuma su gani. Kada kuma a tura karrama masu ritaya can ƙarshe bayan manyan baƙi sun tashi.

Mataki na 9: Kyauta da kalaman sallama

A zaunar da masu ritaya a sahun gaba tare da iyalansu, kuma a daidaita su a girmamawa. Na halarci wani taro inda aka yi ta yabon malamai, alhali maigadin da ya ajiye aiki a shekarar yana tsugune bayan rumfa da sandarsa, yana kora awaki kada su shiga fili. Mutumin da ya kwana yana gadin makaranta a irin wannan zamani, haƙƙinsa ne a kira shi Baba, a zaunar da shi a kujera, a ambaci shekarun da ya yi.

Tarihin da za a karanta a tattara shi daga fayil da bakin mai shi: inda ya yi karatu, shekarar da ya fara, makarantun da ya koyar. A nemi tsohon ɗalibinsa ɗaya ya faɗi abu guda da ya tuna. Wannan ya fi dogon kirari tasiri. A ba shi dama ya yi magana, ya yafe, a yafe masa, kamar yadda muka gada.

Kafin a sayi kyauta, a tambayi na kusa da shi abin da zai koma yi. Mai komawa gona buhun taki ko injin ban ruwa ya fi masa agogon bango. Malama mai sana'a keken ɗinki ko tunkiyar kiwo za ta fi so. A haɗa da takardar yabo mai hatimin makaranta. Kada a yi alkawari a lasifika na abin da ba ya hannu.

Mataki na 10: Bayan an watse

Cikin mako guda kwamiti ya karanta lissafin kuɗi a gaban iyaye, a mayar da kayan aro, a aika godiya. A tattara rajista da littattafai a ɗora a kan benci nesa da bango da ƙasa saboda gara da danshi, a duba rufi da tagogi, a damƙa makulli ga amintacce. A rubuta rahoton taro a littafin tarihin makaranta, a aika kwafi ofishin ilimi.

Sauran aiki biyu ne, kuma su ne ma'aunin ko shekarar ta rufu da kyau. Na farko, ka riƙe jerin sunayen 'yan aji shida. Idan an koma a Satumba, ka bincika wa ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wa ya maƙale. Wanda ya maƙale, ku je gidansu kai da mai unguwa. Na biyu, ka naɗa malami ɗaya da zai riƙa bin fayil ɗin kowane mai ritaya tare da wakilin ƙungiya, yana sanar da kai inda aka kwana duk ƙarshen wata, har ranar da fansho ya fara shiga. A ci gaba da gayyatar dattijon zaman kwamitin makaranta, a gaishe shi da salla, a duba shi idan ba shi da lafiya.

Ƙananan malamai suna kallon yadda ka sallami manyansu, kuma daga nan suke yanke wa kansu hukuncin ko wannan aiki ya cancanci su ba shi rayuwarsu. A yankin da samun malamin da zai yarda ya zauna a ƙauye ya zama da wuya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka idan an buɗe sabuwar shekara, a makon farko ka ɗauko jerin ma'aikatanka ka fara lissafi. Allah Ya ba dattawanmu lafiya da tsawon rai su ci gajiyar wahalarsu, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu.